Kwalbar da Mama Dung Ta Aike Ni

"Ba zan sayo ba, Mama."

Mama Dung ta dube ni ta saman tabarau. 'Yar Jos ce, ta kusa tamanin, tana zaune ita kaɗai a flat ɗinta a unguwar Catford, nan ƙasar Turawa, tun rasuwar mijinta. Ni agency, kamfanin da nake wa aiki, ta turo in riƙa kula da ita safe da yamma, duk da digirina biyu a fannin haɗa magunguna.

"Haba Na'ima, 'yata, ganga na ce ki ɗauko? Kwalba ɗaya ta jan wine, giyar inabin nan, mai araha. Wata a coci ta ce ɗan kofi bayan tuwo yana gyara zuciya. Ni ban taɓa sha ba, ban san ta kirki ba. Ke ce mai boko, ki karanta bayan kwalbar ki zaɓo mini."

Na san amsar da ta dace. Ni nake jera mata ƙwayoyinta kowace safiya, har da maganin tsinka jini, wanda ba ya jituwa da giya. Zancen gyara zuciyar ma na san ba abin dogaro ba ne. Da na ja kujera na zauna, minti biyu ya isa. Amma sai na ɗaga kai na ce, "Mu hannunmu ba ya taɓa ƙazanta."

Ta ce, "To, Hajiya. Allah ya ba ki haƙuri."

Ba ta taɓa ce mini Hajiya ba.

Washegari ta ja sandarta ta tafi shagon bakin titi da kanta. Ta ce mai zaƙi take so, aka ba ta wata mai kauri wadda ta fi sauran ƙarfi. A bakinta kamar zoɓo. Ta cika babban kofin shayinta, har sau biyu.

Da yamma na tarar da ita zaune a ƙasan kicin, goshi a fashe, jini ya ƙi tsayawa. A cikin motar asibiti ma'aikaciyar ta tambaye ni ko an taɓa yi mata gargaɗi kan haɗa giya da wannan magani. Na ce a'a. Ta dube ni, ta ci gaba da rubutu. Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Kwana uku ta yi a kwance. Na kai mata kunun gyaɗa, na durƙusa a gefen gado, na faɗa mata abin da ya kamata ta ji tun ranar farko.

"Ashe kin sani," ta ce. Ta juya fuska bango.

Har yau ban ga laifina a ƙin sayen ba, bakina ne ya ci amanata. Da aka sallame ta, ta kira agency ta ce a canja mata wata, aka yi cancel ɗin duk shifts ɗina na Catford, aikina a gidanta ya ƙare. Ita kaɗai nake hira da ita da Hausa a duk garin nan, kuma ba ta ƙara ɗaga wayata ba.