Yashin Ɗakin Inna

Shekarar da dam ɗin kamfanin haƙar ma'adinai ya fashe, laka ta cinye rabin unguwarmu. Da ta bushe sai ta bar yashi mai laushi, tuli-tuli, ba mai hana ɗiba. Kawuna magini ne. Da wannan yashi ya buga bulo, ya tayar wa Inna, kakarmu, sabon ɗaki. Ya yi masa filasta sumul, har maƙwabta na leƙowa kallo.

Bayan damina wata ma'aikaciyar lafiya ta zo da na'urar awo, ƙarama kamar rediyo. Ta ce sharar ma'adinai kan fitar da wani tururi da ba a gani, ba a jin warinsa, amma yana cin jiki a hankali.

A tsakar gida na'urar ta ɗan yi ƙyas-ƙyas. Ma'aikaciyar ta ce wannan ba komai. Tana kara ta a bangon Inna sai ta ɓarke da ƙara babu tsayawa.

"Wannan abar ta fi surukata surutu," in ji Inna.

Ba wanda ya yi dariya. Kawu ya dafa bangon.

"Baba, daga ina aka ɗebo yashin nan?" ma'aikaciyar ta tambaya.

"Daga gindin dam. Baƙi-baƙin nan. Ya fi kama siminti, shi ya sa na ware wa Inna shi." Ya janye hannunsa daga bangon. "Na cuce ta ke nan?"

"Ba ta daɗe a ciki ba. Za mu duba ta a asibiti. Amma kwana a nan ya ƙare."

Ta ce farin yashin da aka auna ana shimfiɗa hanya da shi lafiya lau, baƙin ne sai an binne.

Washegari Kawu ya ƙi bari lebura ya taɓa ɗakin. Ya ɗaura ƙyallen rufe hanci, ya jiƙa bangon saboda ƙura, ya ɗauki guduma. Sai ya tsaya kawai.

Inna na zaune nesa kan tabarma, da ƙullin kayanta.

"Kai, Auta! Buga mana. Ƙasa ce, ba ni ba ce."

Ya buga.

Gwajinta ya fito lafiya. A ɗakinmu take kwana yanzu, tana mitar minsharin ƙanwata, ga Kawu can yana haƙa harsashin sabon ɗakinta.