Tsatsa a Ƙarƙashin Batir

Tun da damina ta kankama motar Tsoho ta tsiri wani hali. Tsohuwar mota ce mai cin mutum tara, da ita yake jigilar 'yan kasuwa daga ƙauyukan Yekuwa zuwa Magariya. In rana ta buɗe, gudu take kamar ba ita ba. Amma duk ranar da aka yi ruwa sai fitilun tablo na gaban direba su kama ƙyaftawa, inji ya yi tari, ta mutu a tsakiyar hanya. A bar ta ta sha rana, a murɗa makulli, ta tashi.

Sau biyu yana kai ta wurin Malam Ɗalha, mai gyaran wutar mota a bayan tashar Magariya. Ɗalha ya gwada batir, ya zare fuzibil, wato fis, ɗaya bayan ɗaya, ya goge buji. Bai ga komai ba.

"A bushe kake kawo min ita, ita kuwa sai ta jiƙe take nuna ciwonta," in ji Ɗalha. "Bar min ita kwana biyu in bi wayoyin kaf, in watsa mata ruwa."

Tsoho ya ce to. Amma kasuwa na bin kasuwa, fasinja na jira, kullum sai ya ce mako mai zuwa.

Ran wata Talata kububuwa ta sari yayansa Mas'udu a gonar gero. Aka ɗaure ƙafar, aka yi tsaga, aka jiƙa masa sassaƙe. Kwana biyu ana cewa da sauƙi. Da safiyar Alhamis Uwani matar Mas'udu ta shigo gidan Tsoho ko sallama babu.

"Tsoho, taso. Jini ke fita daga dasashin yayanka."

An sheƙa ruwa da asuba, gari duk laka. Suka kwantar da Mas'udu a kujerar baya, kansa a cinyar Uwani. Mota ta tashi bugu ɗaya. Tsoho ya yi hamdala ya ɗauki hanyar Magariya.

Sun yi kusan rabin tafiya suka faɗa wani kwari da ruwa ya kwanta. Ruwa ya fantsama har kan gilashi. Suna hayewa fitilun tablo suka yi ƙyaf-ƙyaf, komai ya ɗauke. Ya murɗa makulli. Ƙas. Ya sake. Ƙas.

Ya buɗe kapo, murfin inji, ya jijjiga kawunan batir, ya busa fuzibil, ya goge duk wayar da hannunsa ya kai da gefen rigarsa. Shiru. Sai ya hau wani tudu inda waya ke kamawa, ya kira Ɗalha.

"Kunna fitilun gaba, ka murɗa makulli," in ji Ɗalha. "Me suka yi?"

"Sun mutu ɗungurungum."

"To wuta ce ba ta samun hanyar komawa. Bi baƙar wayar batir, mai kaurin nan, har inda aka ɗaure ta a jikin ƙarfen mota."

Wayar ta nutse ƙarƙashin batir. Dole ya kwance shi ya sauke ƙasa, kile, wato sifana, na suɓucewa daga kan noti. A nan ya gan ta. Laka ta taru a gurbin, bakin wayar ya yi kore da tsatsa, 'yan silla uku ko huɗu kawai suka rage riƙe da ita. Yana taɓawa ta gutsure.

Wani mai amalanken shanu ya tsaya ya yi musu sannu, ya ce in suna so ya ɗauki mara lafiya. Uwani ta dubi Tsoho. Tsoho ya dubi shanun, ya auna nisan da ya rage.

"Sai azahar za su kai. Na gano ciwon, yanzu za ta tashi."

Notin da ke riƙe da wayar ya ƙi motsi, tsatsa ta cinye shi. Ya yi ta fama har fatar yatsunsa ta saluɓe. Daga cikin mota ya ji muryar yayansa can ƙasa-ƙasa.

"Tsoho."

"Na'am, Yaya."

"Gonar waken nan ta gabas. Shingen ya faɗi. Kada awaki su shiga."

"Kai za ka gyara abinka, Yaya."

Ya fere wayar da wuƙa har jan ƙarfenta ya fito, ya kankare wani noti na kusa, ya ɗaure ta tam, ya mayar da batir. Rana ta riga ta ɗaga sosai. Ya murɗa makulli, inji ya amsa.

Bai san ya iya irin wannan gudu a laka ba. Bai waiwaya ba ko sau ɗaya har suka shiga ƙofar asibitin Magariya. Majo, babban ma'aikacin jinya, ya fito, ya leƙa, ya ɗora yatsu a wuyan Mas'udu, ya daɗe. Sannan ya ja mayafin Uwani ya rufe masa fuska.

"Tun muna hango eriyar gari ya cika," in ji Uwani, idonta a bushe. "Na yi masa kalmar shahada. Ban faɗa maka ba don kada hannunka ya saki sitiyari."

Tsoho ya bi majo har bakin ofis ya tambaye shi, da sun iso da wuri fa, awa biyu kafin yanzu? Majo ya ce Allah ne masani, shi dai da tun shekaranjiya aka kawo shi da ya fi sanin abin da zai ce.

Ɗalha ya iso a kan moto, wato babur. Ya yi ta'aziyya, ya buɗe kapo ya tsura wa ɗaurin ido.

"Sau biyu tana hannuna ban ɗaga batir ɗin nan ba," ya ce.

Tsoho ya rufe kapo. Hadari na sake haɗuwa daga gabas, ga wanka da haƙan kabari na jiransu a gida. Ya buga wa liman waya ya sanar da shi, ya wanke jinin yatsunsa da ruwan buta, ya shiga ya juya kan mota.