Mai Tafiya a Bayan Garke

Kwana huɗu suka rage wa Issoufou a Makka. Kafilinsa, ubangidan da yake zaune a ƙasar da sunansa, ya rasu bayan ƙaramar salla, 'ya'yan mamacin suka sayar da awakin da ya yi shekara ashirin da shida yana kiwo a duwatsun da ke gabas da Muzdalifa, aka buga masa takardar fita ta dindindin, shi ke nan. Matarsa Hure ta riga ta koma garinsu Keita tun bara, tana can tana jiransa. Saura 'yarsu Shahad, haifaffiyar unguwar Nakkasa a nan Makka, wadda ke aure a unguwar Rusaifa. Ita kam ba inda za ta.

Ita Shahad ɗin nan akwai maganar da ta tsaya mata a rai shekara goma sha biyar.

Tana 'yar shekara goma sha biyu, uban kan sauko daga dutse ranar Juma'a ya kwana a gida, da safiyar Asabar ya raka ta makaranta kafin ya koma. Yana ji da rakiyar nan, har hularsa ta salla yake sawa. To amma warin bunsuru ba ya jin sabulu. Wata rana wata yarinya ta toshe hanci a ƙofar makaranta, sauran suka kwashe da dariya. Shahad ta juyo ta ce masa da Larabci, da ƙarfi don kowa ya ji, kada ya ƙara biyo ta, wari yake yi. Ya juya. Ba ta ƙara ganinsa a gefenta ranar Asabar ba.

Magana zarar bunu ce. Tun daga ranar tsakaninsu sai ina kwana, sai ina wuni. Ta girma, ta yi aure, ta sha jera kalmomin neman gafara a ranta, amma da ta gan shi sai harshen ya yi nauyi. Ga Hausarta guntu-guntu, shi kuma Larabcinsa bai wuce na sayen burodi da faɗa da direba ba. Yanzu ga jirgi ya matso, kuma ta san idan ya tashi da maganar nan a cikinta, da ita za a binne ta.

Ranar da ya rage kwana huɗun nan, da la'asar, Issoufou yana zaune a falonta a kan darduma, don ya ƙi kujera ƙememe, ya ce tana sa shi ciwon baya. Shirun ya yi mata yawa, sai ta jawo wayarta ta matsa kusa. Akwai wata ƙungiyar mata da take bi suna hawan duwatsu tare duk ƙarshen mako, kowa da takalmi mai tsada da sanda biyu, ɗaya daga cikinsu ce ta turo mata bidiyo.

"Duba, Baba. Ƙasar Bask, a arewacin Sifaniya. Nan nake so in je, wallahi, ko sau ɗaya."

Tsaunuka ne kore shar, hazo na yawo a kansu, tumaki masu dogon gashi da ƙararrawa a wuya, ga wata siririyar hanya ta bi doron dutse, an shafa wa duwatsun gefenta fenti ja da fari. Issoufou ya karɓi wayar da hannu biyu, ya nisantar da ita daga idonsa, ya ƙura mata ido.

"Wagga hanya ba mutane sunka yi ta ba," ya ce. "Bisashe ne. Duba yadda ta kauce wa iska ta bi ƙasan doro. Mutum miƙewa yake yi, ba shi da wannan wayon. Masu hwenti daga baya sunka zo." Ya sa yatsa a ƙasan hoton. "Nan kuma akwai ruwa."

Bai rufe baki ba mai ɗaukar bidiyon ya karkata, sai ga kwami na dutse cike da ruwa, tumaki sun yi masa da'ira. Shahad ta saki baki.

"Ka taɓa gani?"

"A ina? Tunkiyar Nasara da akuyar Makka ai duk ciki ɗaya ke tuƙa su." Ya miƙa mata wayar, ya ƙara da murya ƙasa-ƙasa, kamar da darduma yake magana, "Ni ma ina da dutse. Bai kai wannan kyau ba."

"Kai ni," ta ce, tun kafin tsoro ya riƙe mata baki.

Washegari tun hantsi bai ɗaga ba mijinta Hafizu ya sauke su a ƙarshen kwalta, bayan sun ratsa Muzdalifa, fili fetal, ba mahajjaci ko ɗaya, sai fitilu a jere suna gadin ƙasa. An yi ruwa makonni biyu da suka wuce, gindin dutsen ya yi ɗan kore-kore. Issoufou ya dubi 'yarsa tun daga takalmi har jakar baya.

"Sanda biyu? Ashe ƙahwa huɗu gare ki, za ki ji daɗin hanyata."

Shi silifas ɗin roba ne a ƙafarsa, da sanda ɗaya da ta sha hannu har tana ƙyalli, da gorar ruwa a naɗe cikin tsumma.

"Wuce gaba," ya ce.

"Ban san hanya ba, Baba."

"Bi inda duwatsu sunka yi santsi. Kofato ya goge miki su."

Ta wuce. Hanyar ba ta fi faɗin faranti ba, tana lanƙwasa tsakanin ƙaya da manyan duwatsu. Da ta yi ɗan nisa ta waiga, sai ta hango shi can baya, taku ashirin ko fiye. Ta tsaya don ya iso. Shi ma ya tsaya, ya jingina da sanda. Ta ci gaba, ya ci gaba. Ta rage sauri har kamar mai tafiya a kan ƙwai, tazarar nan ba ta ragu da taku ɗaya ba.

Nan fa zuciyarta ta karye. Ta ce a ranta, maganar nan ce. Har yau bawan Allah nan nisa yake yi da ni don kada in ji wari. Hawaye suka cika mata ido, hanya ta yi dishi-dishi, da suka zo mararraba ta nufi dama ba tare da ta duba ba.

Tak! Wata 'yar tsakuwa ta faɗi a kan dutsen da ke damanta, ta ji wani sauti daga baya, irin wanda ake yi da harshe da dasashi. Ba ta san lokacin da ta karkata hagu ba. Can gaba ta sake kauce wa hanya, ta nufi wani gangare. Tak! Tsakuwa a gabanta, daidai inda za ta sa ƙafa. Ta ja baya ta koma kan turba. A na uku ne ta tsaya cak, ta juyo gaba ɗaya.

"Baba! Jifana kake yi?"

Issoufou ya dubi hannunsa na hagu. Cike yake da tsakuwa, zaɓaɓɓu, duk girmansu ɗaya. Kunya ta rufe tsoho, ya watsar da su kamar ya ɗauki garwashi.

"Subhanallahi! Hannun ne, ɗiyata, wallahi ban aike shi ba."

"Akuya ce ni?"

"Kai, a'a. Akuya da jihwa ɗaya take ganewa."

Dariya ta ƙwace mata, ga hawaye bai bushe ba, ta zauna a kan dutse tana yi har da riƙe ciki. Shi ma yana yi, yana rufe baki da gefen rawani. Rabon da su yi dariya tare tun tana ƙarama, ita ta sani, shi ma ya sani. Ya tako a hankali har ya iso inda take.

"To don me," ta ce, tana laluben kalmomi, "don me kana baya kullum? Ina jira, kana tsayawa."

"Au, jirana kike yi? Ni na zaci numfashi kike maidawa." Ya girgiza kai. "Mai kiwon awaki ba ya shiga gaba. In ka shiga gaba mi za ka gani? Dutse. Daga baya ne kake ganin wadda ke ɗingishi, da wadda haihuwa ta kama, da mai rawar kai da za ta faɗa rami. Shekara ashirin da shida ban taɓa hawan dutsen ga da wani abu mai rai a bayana ba. Ban iya ba."

Sauran hawan suka yi shi a haka, tana gaba yana baya, sai dai yanzu da baki yake yi mata jagora. Ya nuna mata inda wata akuya mai suna Hajiya ta haifi 'yan uku, da kogon da ya ɓuya ranar da ƙanƙara ta zubo, da dutsen da birai ke zama suna yi masa kallon raini. Da suka kai doron, Shahad ta tsaya tana haki. Wani ɗan fili ne a sama, ciyawa ta tsiro laɓu-laɓu, ga magarya ɗaya, ga shingen awaki na dutse da ya gina da hannunsa, ƙofarsa a buɗe, ba komai a ciki sai busasshen kashin awaki. Can ƙasa tantunan Mina farare tas, can nesa kuma hasumiyar agogon Makka a tsaye cikin ƙura.

Ya zauna a inuwar magaryar, ya miƙa mata gora. Ta sha, ta riƙe gorar a cinya. Ta ce wa kanta, in ba yanzu ba, babu.

"Baba. Ranar nan, a ƙofar madarasa. Na faɗa maka magana."

"Asabar ce," ya ce. "Jakarki shuɗiya, igiyarta ɗaya ta tsinke, kin ɗaure da leda."

Ashe bai manta ba, ko ledar bai manta ba. Ta sunkuyar da kai.

"Ka daina zuwa. Saboda ni."

"Wa ya ce na daina? Baya na ja." Ya tsinci 'yar magarya yana juya ta a yatsu. "Kina hita in ba ki taku talatin, in biyo. Wurin mai burodin nan na kwana nake tsayawa har ki shiga. Shekara huɗu, har kin gama. Ke dai ba ki waige, tun kina ƙarama haka kike."

Ta so ta yi magana, Hausar ta gudu, Larabcin ma ya gudu. Da ƙyar ta haɗo kalmomi uku.

"Ka yafe mini."

"Haba, Shahad. Tun ba ki kai ƙofar aji ba na yahe. Abin da ya ci mini rai, kada yaran nan su ci gaba da yi miki dariya saboda ni. Amma na ji daɗi da kika faɗa. Wallahi na ji daɗi. Na zaci har yanzu kunyata kike ji."

Ta rarrafo ta kifa fuskarta a kafaɗarsa, abin da ba ta yi ba tun tana 'yar firamare. Ta ja numfashi cikin rigarsa tana neman warin nan, da gaske take nemansa. Babu. Wata uku ke nan da sayar da awaki, rigar sai ƙamshin sabulun da ita da kanta ta wanke ta da shi jiya. Wannan ne ya fasa mata kuka mai sauti. Tsohon ya rasa yadda zai yi, ya ɗora mata tafinsa mai kaushi a ka, yana cewa ya isa, ya isa.

Hafizu ya kira waya sau biyu daga gindin dutse, ba ta ɗauka ba. Suka zauna har inuwar magaryar ta tsuke, tana tambaya da guntuwar Hausarta, yana gyara mata yana ba ta amsa: yadda ya zo Makka, da abin da yake ci a nan sama, da sunan uwarsa, wanda ba ta taɓa tambaya ba. Kwana uku suka rage, kuma tambayoyin suna da yawa.