Ɗigo Biyu

Ranar Litinin, suna dawowa daga asibiti, farar motar ta ƙi shiga giya ta uku. Direba ya taka kulochi, ya lallaɓa sandar giyar yadda ya saba, sai ya ji wata ƙara a ƙarƙashin ƙafarsa kamar an zuba tsakuwa a injin niƙa. A giya ta ɗaya ya ja ta har ƙofar gida, masu babur suna wuce shi suna danna masa hon. Matarsa tana kwance a kujerar baya, ido a rufe, har ya kashe injin.

"Ita ma ta gaji," ta ce.

"Ba ta gaji ba. Ɗan abu ne kaɗan."

Ƙarya yake yi, kuma ta sani. Shekara talatin ya yi yana tuƙa manyan motoci kafin ya ajiye aiki, har sunan Direba ya shafe nasa na yanka, don haka ya san kukan giyabos idan haƙoransa sun zube. Tsoro ya kama shi. Litinin da Alhamis ake yi wa matar wankin ƙoda, asibitin kuwa yana can ƙarshen gari. Daga gidansu zuwa bakin kwalta tafiyar minti ashirin ce a lungu mai ramuka wanda masu tasi ba sa yarda su shiga, ita kuma ko taku ashirin ba ta iya yi. 'Ya'yansu biyu duk suna nesa. Wannan tsohuwar motar, wadda ta girmi babban ɗansu, mai kujerar baya kamar gado, ita ce ƙafar matarsa. Likita ya gaya musu ɓaro-ɓaro abin da zai faru in aka fara tsallake wanki.

Motar gado ce. Mahaifin Direba makaniki ne, ya mutu ya bar motoci biyu iri ɗaya sak, fara da koriya, waɗanda kamfanin ya daina yin irinsu tun da daɗewa. Tsohon yana da wata ɗabi'a. Duk ƙarfen da ya kwance, sai ya ɗauki ƙusa da guduma ya buga masa alama kafin ya ajiye: ɗigo ɗaya na farar, ɗigo biyu na koriyar, don kada kayan su cakuɗe. Da aka raba gado, Direba ya ɗauki fara, ƙanensa Auta ya ɗauki koriya.

Abin da ya raba su bai taka kara ya karya ba, kuma irin wannan ne ya fi daɗewa. Wata rana Direba yana sauri, ya cire kafiretar koriyar, wadda ke ba inji fetur, ya ɗaura a tasa bai tambaya ba, wai ai duk na Baba ne. Auta ya tarar da bonet a buɗe, ya kira shi ɓarawo a gaban mutane. Direba ya kwance kafiretar tana da zafi, ya jefa masa ita a ƙafa, ya rantse cewa ko noti ɗaya na koriyar ba zai ƙara taɓa motarsa ba, ko da zai ƙare rayuwarsa yana tafiya a ƙasa. Shekara ashirin da biyu ke nan. Baki shi ke yanka wuya, Direba kuwa mutum ne da ya fi son ya mutu da ya janye magana.

Kuma bai taɓa buƙatar janyewa ba, saboda Akwai. Wani mai sayar da tsofaffin kayan mota ne a bayan tasha, wanda duk abin da ka tambaye shi sai ya ce "akwai" tun kafin ka rufe baki, har ya zama sunansa. Wasu yakan yi musu ƙarya, amma Direba bai taɓa dawowa hannu rabbana ba. Lagireto, famfon ruwa, kik mai tayar da inji, har giyabos ɗin nan shekara huɗu da suka wuce, sai Akwai ya ce ya dawo jibi, jibi kuma ya tarar da abin an wanke shi an fesa masa baƙin fenti. Direba har alfahari yake yi a majalisa, wai shi motarsa ba ta roƙon kowa.

Da yammacin Litinin ɗin mai facin taya na kusa da su ya taimaka masa suka sauke giyabos ɗin a kan buhu a tsakar gida. Talata da safe ya buɗe shi. Haƙora uku sun karye, ragowar sun cinye, man da ke ciki sai ƙyallin garin ƙarfe. Ya zuba fetur a roba, ya ɗauki burushin waya yana wanke jikinsa don ya ga ko ya tsage. Baƙin fentin ya fara ɓarewa. A gefen hagu, kusa da inda sanda ke shiga, sai ga ƙananan ramuka biyu jere da juna.

Ya goge da tsumma. Ya sake gogewa. Ɗigo biyu ne, bugun hannun tsohon, ɗaya ya ɗan fi ɗaya zurfi kamar kullum.

Ya miƙe da burushin a hannu ya ɗaga bonet. Ya kankare kan lagireto: biyu. Famfon ruwa: biyu. Ya durƙusa, gwiwoyinsa suna ƙara, ya kankare kik: biyu. Kafiretar ya bari ƙarshe, domin ya tuna shekarar da ta fara yoyo, Akwai ya samo masa wata. Da ya ga alamar a jikinta sai ya zauna a ƙasa. Ita ce dai wadda ya jefar. Kunya ta rufe shi, sannan fushi ya biyo baya, don fushi ya fi sauƙin ɗauka.

Ya tarar da Akwai a rumfarsa yana ware notuna a cikin tsohon kwano.

"Direba, sannu da zuwa. Me ake nema? Akwai."

"Wa yake ba ka kayan motata?"

Akwai ya kalli hannun Direba, ya ga baƙin fenti a faratansa. Ya ajiye kwanon.

"Ka wanke ke nan."

"Tambayarka nake yi."

"Ka san amsar, Yaya, me zan ƙara maka? Tun ran da ka fara zuwa neman lagireto na bi garin nan kaf, babu. Na je wajen Auta na ce ya sayar mini da nasa. Ya ce wa zan kai wa? Na faɗa masa. Ya ɗauko sifana ya kwance da hannunsa. Ya ce in fesa fenti, kuma in ka ji daga bakina ya daina gaishe ni."

"Kun mayar da ni abin dariya."

"Wa ya yi dariya? Ni ban ga mai dariya ba."

Direba ya tsaya yana huci. Ya so ya ce zai kwance komai ya mayar, sai ya tuna abin da zai rage masa: kwangiri da tayoyi. Ya tuna kuma jibi Alhamis. Muryarsa ta sauka.

"To yanzu giyabos nake nema."

Akwai ya sunkuyar da kai. "Babu," ya ce. Direba bai taɓa jin kalmar a bakinsa ba. "Guda biyu ne a garin nan. Na farko ka cinye shi, na biyu ne a tsakar gidanka."

Bai yarda ba. Ya yini yana bin makabartar motoci a bayan gari, yana leƙa ƙarƙashin gawarwaki da ciyawa ta tsiro a cikinsu. Wani matashin makaniki ya kalli haƙorin da ya zo da shi a aljihu, ya ce wannan sai gidan tarihi. Ya je wajen mai walda, mai waldar ya ce zai iya ɗora wa haƙoran ƙarfe, amma ba zai kai su ƙarshen layi ba.

Da ya dawo, matarsa tana kishingiɗe, ƙafafunta sun fara kumbura. Ya gaya mata duka, yana kallon bango.

"Ka je wurinsa," ta ce.

"In ce masa me?"

"Ka ce masa sannu. Tun bara ya kamata ka ce."

Gaskiya ta faɗa. Bara labari ya zo cewa Auta ya yanke jiki ya faɗi, ɓarin jikinsa ya shanye. Direba ya ce Allah ya sawwaƙe, ya ci gaba da wanke motarsa. Ranar wanka dai ba a ɓoyon cibi. Laraba da hantsi ya sa hula ya fita a ƙasa, yana gaya wa kansa cewa wataƙila akwai wani tsohon giyabos na Baba a ajiye a can wanda za a iya cire wa haƙora.

Matar Auta ce ta buɗe ƙofa. Ta tsufa, shi ma haka ta gan shi.

"Yaya? Lafiya?"

"Lafiya. Yana ciki?"

Ta kauce masa. A tsakar gidan, ƙarƙashin rumfar kwano, ga mota an lulluɓe ta da tamfol. Ƙafafunsa ne suka kai shi can kafin ya yi tunani. Ya ja tamfol ɗin.

Fentin koren yana nan da ƙyallinsa, an goge shi kwanan nan. Amma motar a kan bulo take. Ya ɗaga bonet, ya hango ƙasa ta ciki: injin ya zama ƙashi, wayoyi suna reto, kowane bakin tiyo an toshe shi da tsumma an ɗaure da kyau, yadda tsohon ya koya musu. Inda sandar giya take rami ne kawai. Wata kaza ta yi ƙwai a wurin.

"Ran da ya faɗi," matar ta ce daga bayansa, "a nan ya faɗi, jikin wannan ƙofar. Awa biyu muna neman abin da zai kai shi asibiti, ga mota a gida. Likita ya ce da an zo da wuri da bai kai haka ba." Ta dube shi. "Ba gori nake maka ba, Yaya. Shi ya hana a faɗa. Amma ni na gaji da riƙewa."

Direba ya lissafa a ransa ba da son ransa ba. Kafin giyabos, koriyar tana iya tashi da kayan aro da dabara. Tun da aka cire shi ba ta ƙara motsi ba.

Auta yana ɗaki a kan keken marasa lafiya, kusa da taga. Bakinsa ya karkace, hannun dama yana kwance a cinya kamar ba nasa ba. Ya daɗe yana kallon yayansa. Direba ya shirya magana tun daga gida, amma duk ta gudu.

"Sannu, Auta."

Auta ya yi ƙoƙari, kalmomin suna fitowa ɗaya-ɗaya. "Me... ya lalace?"

"Giyabos."

Auta ya rufe ido. "Na ba ka."

"Na gani."

"Babu... saura."

"Na gani, Auta."

Direba ya zauna a bakin gado. Ya yi bayanin wankin ƙoda, da lungun, da gobe Alhamis, ba don yana neman komai ba, sai don ya rasa abin faɗa. Da ya zo kan tafiyar minti ashirin zuwa bakin kwalta, Auta ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya bugi hannun keken, ya kalli matarsa.

"Ɗaga ni."

"Auta, a'a," Direba ya ce. "Wannan kam a'a."

"Ni... ina za ni?"

Matar ba ta yi musu ba, da alama ta saba. Ta kama shi ta hammata ɗaya, ta kalli Direba. Dole ya kama ɗayar. Da suka ɗora shi a gado ya ji ƙanensa ba nauyi, bai kai giyabos ba. Hawaye ya zubo masa, ya juya kai kada a gani, aka kuwa gani.

Ta raka shi har ƙofa tana tura keken. "Gobe in kun dawo ka kawo shi, da shi yake zuwa banɗaki. Kuma kai za ka kawo da ƙafarka. Kada ka ba Akwai."

Ya tura keken babu kowa a ciki, cikin rana, ta gaban rumfunan mutanen da suka san shi da farar mota. Tayar hagu tana ɗan kuka. Direba ba ya iya jin ƙarfe yana kuka ya ƙyale, don haka a bakin lungunsu ya durƙusa ya duba ko noti ne ya saki. Ya shafa ƙarfen da ke riƙe da tayar, yatsansa ya faɗa cikin ƙananan ramuka biyu. Bugun ya karkace, irin na wanda ya yi da hannun hagu, wani ya riƙe masa ƙusar.

Ya daɗe a durƙushe. Sannan ya miƙe ya tura keken zuwa gida, ya wuce farar motar a ƙofa bai kalle ta ba, ya shiga ya gaya wa matarsa gobe sai sun fita da wuri.