Sharhi Ɗaya Kan Shari'ar Kasuwa

A ofishin jaridarmu ba mai kiransa da sunan yanka. Ban-Yarda-Ba muke ce masa, kuma yana amsawa. Shi ke rubuta sharhi kan Babbar Kotu, ni kuwa mai ɗaukar hoto ne, don haka duk inda ya sa ƙafa ina biye, ina shan surutu kyauta. Irin mutumin nan ne da in ka yi masa ina kwana sai ya tsaya tunanin wanda ya aiko ka. In alƙali ya yi tari a zaman kotu, akwai magana. In bai yi ba, wannan ma abin dubawa ne. Abin haushin, sau da yawa zarginsa kan fito gaskiya, shi ya sa ake rububin shafinsa.

Yana da tsarin aikinsa. Duk jajibirin hukunci sai ya rubuta sharhi biyu, ɗaya in mai ƙara ya yi nasara, ɗaya in an kori ƙarar. Da alƙalai sun rufe baki sai ya bugo waya ya ce a saki wanda ya dace, mu riga kowa fita.

Shari'ar da ta cika gari a lokacin ita ce ta 'yan tsohuwar kasuwa da wani kamfanin gine-gine, wanda ke son rushe rumfunansu ya kafa kantuna masu hawa. Lauyan 'yan kasuwar kuwa ƙanin Ban-Yarda-Ba ne, ciki ɗaya, Ban-Yarda-Ba ne ma ya riƙe shi har ya gama karatu. Tun da aka fara shari'ar ya ɗauke ƙafa daga gidan ƙanin, wai don kada a ce.

Ana gobe hukunci, da hantsi, sai ga mai jaridar da kansa a ɗakin labarai. Mutumin da sai a shekara ba a ga ƙeyarsa ba. Ya gaisa da kowa, ya yi wa fankar da ta mutu tsiya, sannan ya tsaya a teburin Ban-Yarda-Ba yana wasa da murfin biro.

"Har yanzu biyu kake rubutawa?"

"Biyu, ranka ya daɗe."

"Wannan karon huta. Rubuta na kamfani kawai, kada ka ɓata tawada."

Ya ajiye murfin ya fice, ƙamshin turarensa ya zauna tare da mu.

Ban-Yarda-Ba ya jawo kujerarsa kusa da tawa, ya rage murya. "Ka ji abin da na ji?"

"Na ji. Wataƙila hasashe ne kawai."

"Hasashe? Irin waɗannan ba sa canki-canka. Ruwa ba ya tsami banza." Ya shiga jero mini hujjoji. Kujerar shugaban kotu ta kusa zama fanko, alƙalin da ke jagorantar zaman, wanda muke kira Mai Tabarau, yana sonta kamar ransa. Masu naɗin kuwa abokan kamfani ne. An kuma ga Mai Tabarau da mai jaridarmu teburi ɗaya a wata liyafa, suna dariya har da tafawa. Kafin ya gama ni kaina na fara jin warin abin, kuma na tsorata.

Da azahar ya karya dokarsa. Muka hau bene zuwa ofishin ƙanin, wani ɗan ɗaki a saman kantin magani, fayiloli har kan kujerar baƙi. Lauya ya miƙe da mamaki.

"Yaya, lafiya? Yau kai ne a nan?"

"Zauna. An sayar da hukuncin nan. Gobe kamfani za a ba."

Lauya ya yi dariyar yaƙe. "Haba Yaya, kana wurin fa. Ka ga yadda Uwar Tambaya ta matse lauyansu har ya rasa shafin da yake karantawa." Uwar Tambaya ita ce mace ɗaya tilo cikin alƙalan biyar, ba ta barin lauya ya haɗiye miyau.

"Ita kaɗai ce. Sauran huɗun fa, ka ji bakinsu? Tayin sulhun da kamfani ya yi muku yana nan?"

"Yana nan. Fili ne can bayan tashar mota, wajen gari. Wa zai bi su can ya saya?"

"Da babu gara ba daɗi. In aka karanta hukuncin nan, ko filin ba za su gani ba. Mata da tsofaffi za ka bari a titi don kana son a ce ka yi jarunta?"

Lauya ya daɗe yana kallon yayansa. Na san abin da yake aunawa: wannan mutum bai taɓa kawo masa maganar aiki ba, kuma bai cika kuskure ba. Daga ƙarshe ya ɗauki waya ya kira shugabar 'yan kasuwar, wata dattijuwa mai sayar da yadi. Kafin a tashi aiki an sa hannu, an kai wa magatakardan kotu.

Washegari na bar kyamarata wurin mai gadi, don ba a shiga da ita, muka zauna a bencin 'yan jarida. Aka buga ƙofa, kowa ya miƙe, alƙalai suka shigo a jere. A kotun nan, alƙalin da ya rubuta hukuncin masu rinjaye shi ke shigowa da shi a hannunsa, sauran kuwa 'yan takardun amincewa kawai suke riƙowa. Mai Tabarau ya shigo da falle ɗaya. Na bayansa ma haka. Uwar Tambaya ce ta shigo rungume da wani ƙaton fayil, ta dire shi a gabanta.

Ban-Yarda-Ba ya damƙi hannuna har sai da na ji zafi. Ita ta rubuta, sauran sun bi ta, kuma duk wanda ya zauna a shari'ar nan ya san inda ta karkata. 'Yan kasuwa ne suka ci.

Lauya ma ya gani, amma an riga an sa hannu. Ya miƙe ya sanar da kotu cewa ɓangarorin sun sulhunta. Uwar Tambaya ta dube shi.

"Lauya, ka tabbata mutanenka sun fahimci abin da suka sa wa hannu?"

"Sun fahimta, ya mai shari'a."

Ta ture fayil ɗin gefe ba tare da ta buɗe ba. Lauyan kamfani ya sunkuyar da kai yana gyara rigarsa, amma na ga haƙoransa.

A matakalar waje Ban-Yarda-Ba ya tsaya kamar wanda aka zare wa laka. "Mai jaridarmu ya san hukuncin," ya ce a hankali. "Ya san na gaskiyar. Kuma ya san ƙanin wa ke riƙe da shari'ar."

Lauya ya fito, rigar aiki a kafaɗa, ya wuce mu bai ɗaga ido ba. Dattijuwa mai yadi ce ta tare shi, ta riƙo hannunsa, ta jawo shi har gabanmu. Ita ba ta san ma'anar ƙaton fayil ba.

"Wannan ne yayan naka? Allah ya yi maka albarka, ɗan nan. Lauya ya ce ba don kai ba da yau mun tashi a tutar babu." Ta yafuto ni. "Mai hoto, ɗauke mu tare, in rataye a sabuwar rumfa."

Na karɓo kyamarata. Ta tsaya a tsakiyarsu, ta riƙe kowanne da hannu ɗaya.

"Ku yi dariya mana," ta ce. "Sai ka ce ba ku kuka cece mu ba."