Saƙonnin Baba Zuwa Lahira

Duk wanda ya tashi a Arewa yana karatun littattafan Hausa ya san Mijinyawa Ɗalhatu. Ni kuwa Baba nake ce masa. Ya shekara talatin yana rubuta labaran bincike, kuma duk tafiyarsu ɗaya: a ce aljani ya addabi wani gida, sufeton Baba ya zo ya zagaya, ya sosa ƙeya, a shafin ƙarshe ya fito da aljanin sanye da silifas. Muna yara, in ɗayanmu ya ce ya ga fatalwa a bayan gida, tocila Baba ke miƙa masa, ya ce ya je ya tambayo sunanta da unguwarsu.

Wannan mutumin na ɗauko a filin jirgin Dubai a ƙarshen 2018 don a yi masa aikin zuciya. Ko daga wurin ajiye motoci ba mu fita ba ya ce min ba za a yi ba.

"Ba za a yi me ba, Baba?"

"Aikin. Ni zuwa na yi in gan ki, Uwata, in kuma matso kusa da ƙanenki."

Saura kaɗan in daki bayan motar da ke gabana.

Ƙanena Izzuddeen ya rasu shekara guda kafin nan. Injiniya ne a wani kamfanin ajiye kaya a Jebel Ali, tashar jiragen ruwan Dubai, ya yanke jiki ya faɗi a wurin aiki, kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa. A nan aka binne shi, Baba bai samu biza a kan lokaci ba. Ta waya ya ba da umarni: a sadakar da kayansa duka, kada a bar ko allura. Maigidana Abdulhakeem ya kwashi akwatunan ko buɗe su bai yi ba, ya kai wa abokan aikin marigayin. Baba bai zubar da hawaye ko sau ɗaya ba, mutanen Kano suka yi ta yaba tawakkalinsa.

Bayan 'yan watanni ne ya fara rubuce-rubuce a jarida, wai matattu ba su yi nisa ba, suna jin mu, wani lokaci har suna amsawa. Malamai suka hau mumbari da sunansa. Masu karatunsa suka rabu biyu, wasu na cewa ya zautu, wasu na rubuto masa sunayen mamatansu don ya isar musu da gaisuwa. Ni kunya ta hana ni shiga zancen, na ce baƙin ciki ne, zai wuce.

Amma ciwon zuciya ba ya jiran baƙin ciki ya wuce. Aikina harhaɗa magunguna ne, na san karatun takardar likita: hanyoyin jininsa sun toshe, in ba a buɗe su ba, ana maganar makonni ne. An sa masa ranar Lahadi. Abdulhakeem kuma ya tafi Oman da aiki, ya bar ni ni kaɗai da dattijo mai taurin kai.

Ran Alhamis bayan mun ci abincin rana a gidana da ke unguwar Al Nahda, na ɗauko zancen a hankali. Baba ya ture faranti ya ciro wayarsa.

"Ke 'yar boko ce, sai da hujja. To zo ki gani."

Lambar Izzu ce a WhatsApp, da hotonsa yana dariya. A ƙasa saƙonnin murya ne a jere, tun daga makon rasuwar, duk safiyar Juma'a guda ɗaya. Kowanne ya yi shuɗi, alamar an saurara.

"Kira ne kawai ba ya shiga," in ji Baba. "Da alama can ba a yarda da kira ba."

"Baba, a Dubai ma ba a yarda da shi ba. Ni ma in ka kira ni ta nan ba ya shiga, kuma ga ni a raye. Layin ne aka ba wani. Wani direban tasi ne ɗan Pakistan ke ta shan Hausarka."

Bai ji haushi ba. Ya lalubo wani saƙo na watan azumi ya danna, muryarsa ta fito: "Izzu, yayarka na kwance, zazzaɓi ya hana ta cin komai. Ka san ba abin da take so irin dambun nama. Ka duba ta."

Na tuna wannan Juma'ar sarai. Da yamma na buɗe ƙofa na tarar da leda rataye a hannun ƙofar, dambun nama ne a ciki da ƙullin yaji, ba suna ba komai. Na ɗauka maƙwabciyata Halima Sa'adiya ce, har na je na yi mata godiya, ta yi ta kallona sororo, na ce a raina kawaici ne irin nata.

"Na taɓa faɗa maka zancen dambun nan?" na tambaye shi.

"Ke kika faɗa min, kina cewa Allah ya haɗa ki da maƙwabta nagari. Na yi shiru ne kawai." Ya ƙara matsa allon. "Ga wannan kuma. Ya sha yi min alkawarin zai kai ni garin Hatta in ga dam ɗin nan na cikin duwatsu. Na tuna masa."

A ƙarƙashin saƙon akwai hoto, shi kaɗai ne abin da ya taɓa fitowa daga wancan ɓangaren. Koren ruwa ne tsakanin duwatsu, ba kowa a ciki. An aiko shi da yammacin ranar.

Na shiga ɗaki na kira lambar ta layi, ta yi ta ringin har ta katse. Na kira Abdulhakeem, ya ce shi bai ga wata waya ba a lokacin rasuwar, kuma yana cikin taro. Da wata ce ta ba ni labarin nan, da na warware mata shi kafin shayi ya huce. Amma ƙanena ne, kuma na ci dambun har na suɗe ledar. Kaina ya ƙulle, na zauna a bakin gado ina ta a'uziyya.

Da safiyar Juma'a na jiyo shi a baranda, ya kara wayar a baki.

"Izzu, na iso Dubai, ina gidan yayarka. Suna so su tsaga ni su ƙara min zaman duniya, ni kuwa na gaji. In an ba ka izini, ka zo ka tafi da ni yau."

Na fizge wayar, abin da ban taɓa yi wa Baba ba. Ina riƙe da ita, a kan idona, saƙon ya koma shuɗi.

"Baba, wannan ai saɓo ne! Roƙon mutuwa kake yi?"

"Mutuwa ƙofa ce tsakanin ɗaki da ɗaki, Uwata. Wa ke tsoron ƙofa?"

Na yi kuka, na yi faɗa, na kawo aya na kawo hadisi. Ya saurare ni da murmushin nan na wanda ya riga ya san ƙarshen labari. Da ya dawo daga masallaci bai cire fararen kayansa ba, ya ƙara turare, ya juya kujera ta fuskanci ƙofa, ya zauna da carbi. Maganinsa na rana ma ya ƙi sha.

Bayan la'asar ƙararrawar ƙofa ta yi ƙara.

Muka kalli juna. Ba wanda nake jira.

"Buɗe," in ji Baba. Ya miƙe ya biyo bayana.

A ƙarshen barandar benenmu akwai babban gilashi, da yamma rana kan shigo ta nan ta kashe ido. Da na buɗe ban ga fuska ba. Dogon mutum na gani, haske a bayansa, sanye da shadda ruwan sararin samaniya mai farin aiki a wuya. Ni na ɗinka wa Izzu ita a sallarsa ta ƙarshe. Hular kansa kuwa Baba ne ya saya masa. Har turaren Izzu na ji.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!" Na faɗa da ƙarfi, na dafe bango.

Sai na ji an damƙi hannuna ta baya, damƙar da ta bar min shaida har washegari. Baba ne. Carbin ya zube a ƙasa, ya laɓe a bayana kamar yaron da ya ga mai allura.

"Rufe ƙofar," ya ce cikin raɗa. "Uwata, rufe. Ki ce masa ba yanzu ba. Don Allah ki ce masa ban shirya ba."

Mutumin ya zube ya durƙusa a bakin ƙofa. Da ya fita daga hasken sai ga fuskar wani saurayi baƙi mai faɗin goshi, ko kusa bai yi kama da Izzu ba.

"Baba, ku yi haƙuri. Anti, ku yi haƙuri. Sunana Sati, mutumin Kagoro ne ni. Da oga Izzu muke aiki a Jebel Ali, ni nake gyaran forklift, motocin ɗaga kaya."

Daga durƙushen ya ci gaba, ya ciro waya daga aljihu ya riƙe ta da hannu biyu.

"Da aka raba kayansa, wannan rigar ce ta faɗo a kaina, wayar tana cikin aljihunta. Ba ta da password, na sa caji don in ga hotunanmu, sai ga message ɗinku. Na so in faɗa muku gaskiya, wallahi na so, bakina ya yi nauyi. Da kuka ce ya duba Anti, na ce in yana nan zai yi. To ba ya nan, ni kuma Friday ce ranar off ɗina. Na san flat ɗin, na taɓa rako shi. Sai na je unguwar Al Sabkha wurin wata 'yar Kano na sayo dambun. Hatta ma bas na shiga."

"Kayan fa?" Abin da ya fito daga bakina ke nan, cikin tsawa. "Me ya sa ka sa kayansa?"

Ya kalli jikinsa, sai a lokacin ya gane abin da ya yi. Ya dafe kai.

"Yesu! Anti, ban yi tunani ba. A wurinmu ba a zuwa gaida babba da rigar aiki, kuma su kaɗai ne manyan kayan da nake da su a ƙasar nan." Ya juya wurin Baba, idonsa ya cika. "Baba, duk aiken da kuka yi na yi. Amma na yau ya fi ƙarfina. Na ce khalas, shi ke nan, gara in zo ku zage ni."

Baba ya saki hannuna. Ya taka a hankali har gaban yaron, ya sunkuya ya shafa aikin wuyan rigar. Na zuba ido ina jiran faɗa, ko kuma ya ƙirƙiro wani sabon bayani, don mutumin da ya rubuta littattafai masu yawa ba ya rasa yadda zai juya labari.

"Duka kai ka ji su?"

"Duka, Baba."

"Shi bai ji ko ɗaya ba."

Sati ya sunkuyar da kai. Baba ya zame ya zauna a ƙasa, a nan bakin ƙofa, da fararen kayansa.

"Ashe Izzu ya mutu," ya ce. "Muhsinat, ashe yaron nan ya mutu."

Rabon da ya kira ni da sunana na yanka har na manta. Kukan da bai yi ba shekara guda ya ƙwace masa, mai sauti, har Halima Sa'adiya ta leƙo ta koma. Na durƙusa na riƙe shi, tausayinsa ya cika ni, hannuna ɗaya a kan jijiyar wuyan hannunsa ina auna bugun, don tsoro nake kada zuciyar ta tsaya mana a nan. Sati ma kuka yake, yana goge ido da hannun rigar Izzu.

Da ya lafa, Baba ya miƙa hannu, Sati ya ba shi wayar. Ya daɗe yana kallon jerin saƙonninsa daga wancan ɓangaren. Sannan ya danna gefenta ya riƙe har allon ya yi baƙi.

"Ka san inda aka sa shi?" ya tambayi Sati.

"Na sani, Baba. Da ni aka je."

"Gobe ka kai ni." Ya share fuska da hularsa, ya juyo gare ni. "Kawo min maganin nan da ruwa. Jibin, ƙarfe nawa likitan ya ce mu zo?"