Muryar Gado a Gonar Gero

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta taho, kunnuwanmu na nan.

To ku matso. Wannan abu ya faru ne a daminar da ta biyo bayan raba mu da Sakkwato, lokacin bakinmu bai ma saba da cewa Jihar Kebbi ba.

A unguwar Firchin ta garin Jega akwai wata mata Zubaida, da ƙanenta guda tilo, Gado. Tun yana saurayi ya gudu Legas, ya tara suma, ya sa wando mai faɗin ƙafa kamar buhun albasa, ya shiga waƙar disko, wadda ake taka rawarta ƙarƙashin fitilu masu juyawa. Murya kuwa Allah ya ba shi, mai taushi, mai ratsa ƙirji. Wani kamfani ya ɗauki waƙoƙinsa, amma kafin a buga su kamfanin ya rushe. Gado ya dawo gida da tari, da wani gwangwani mai faɗi kamar tire. A ciki baƙin zare ne irin na kaset, sai dai ya fi faɗi, naɗe a jikin ƙarfe.

Ya miƙa wa yayarsa ya ce, "Yaya, aje min wanga. Ni na ciki."

Bai ga kakar shekarar ba ya rasu. Bai bar ɗa ba, bai bar hoto ba. Zubaida ta sa gwangwanin a ƙasan adakarta. Shekara da shekaru ba ta taɓa jin abin da ke ciki ba, don duk Jega ba na'urar da za ta karanta shi, amma ta san muryar ƙanenta tana nan kusa da kanta in ta kwanta.

Ana nan sai ga Muntari, mutumin Maiyama, wanda shi ne makaɗin Gado a Legas. Ya yi sallama, ya sha ruwa, ya ce wasu masu neman tsofaffin waƙoƙi a ƙasar waje sun ji labarin Gado, suna so su buga shi a faifan garmaho.

Zubaida ta tashi, ta buɗe adaka, ta ɗaga murfin gwangwani. Ƙarfe kawai ta gani, fayau, ba zare.

Ta fito tsakar gida tana salati, tana tambayar wa ya kwashe zaren. Isiyaku, ƙanen mijinta, yana zaune yana wasa lauje, ko ɗago kai bai yi ba.

"Au, wanga baƙin zare? Yana gonata ta ƙauyen Kimba, matar Yaya, yana aiki."

"Aikin mi?"

"Korar tsuntsu mana. In iska ta kaɗa shi, walƙiya yake yana kuka. Tun da na ɗaura shi ko jan-baki guda bai sauka gerona ba."

Ku ji fa! Namiji da gemunsa ya shiga ɗakin matar wansa, ya buɗe mata adaka, ya kwashe abin mamaci, wai don tsuntsu. Kowa na ɗaura zaren tsohon kaset a gona, mun sani. Amma sai ka rasa kaset duk kasuwar Jega, sai na marigayi?

"Isiyaku, ɗan'uwana ka shanya ma rana da ruwa?"

"Haba, matar Yaya, abin da ke kwance ba ya tsinana komi! Ai gara ya yi amfani."

Ta ja mayafi, ita da Muntari suka hau motar Kimba, Isiyaku na biye yana mita.

Tun daga nesa suka hango shi. An ja zaren daga wannan sanda zuwa waccan, ya kewaye gonar, yana ƙyalli, iska na sa shi wani siririn kuka. Muntari ya dafe kai. Inda zaren ya tsinke, Isiyaku ya ƙulla shi ƙullin igiyar akuya.

Zubaida ta karyi kara, ta fara kwancewa tana naɗewa a hankali, kowane kamu sai ta goge shi da bakin mayafinta. Ba ta yi nisa ba tsuntsaye suka fara sauka a bayanta, garke-garke.

Isiyaku ya dinga tsalle. "Don Allah ki bari sai an yi girbi! Za su cinye ni!"

"Tsaya nan ka yi musu waƙa da bakinka. Naka ya fi na Gado ban tsoro."

Ta naɗe shi kaf, har guntayen da suka maƙale a ƙaya, Muntari ya tafi da shi.

Sai da shekara ta zagayo faifan ya iso, baƙi wuluk, da sunan Gado a jiki. Masu gyara sun yi iyakar yinsu, amma rana ta cinye mafi yawa, waƙa uku kawai aka tsira da su. Garmaho kuma sai a Aliero aka samu, wurin Alhaji Waliyyu dillalin albasa, wanda ya ajiye nasa tun zamanin samartaka.

Aka taru a zaurensa. Wa kuke jin ya riga kowa zuwa, da babbar riga, ya kama wuri a gaba? Isiyaku! Har yana gaya wa mutane, "Wanga hwa daga gonata ya hito."

Allura ta sauka. Kafin kiɗa ya tashi sai aka ji gyaran murya sau biyu, ƙasa-ƙasa, irin wanda Gado ke yi tun yana yaro in zai roƙi ƙarin tuwo. Zubaida ta rufe fuska da mayafi. Ganga ta shigo, muryar ta hau, ta hau, tana gab da kaiwa ƙarshen baiti sai ta yanke ɗif, ta faɗa tsakiyar wani. Wurin ƙullin ke nan. Duk zauren aka juyo aka zuba wa Isiyaku ido, har ya sunkuyar da kai ya hau gyaran hula.

Muntari ya koma Maiyama ya buɗe shagon gyaran rediyo. Alhaji Waliyyu ya ba Zubaida garmahon kyauta, tana kunna shi duk ranar Juma'a har ta bar duniya. Isiyaku sai da ya sayi gero a kasuwa shekarar da aka kwance zaren, kuma har ya tsufa in ya shigo gida ya ji faifan na juyawa, komawa yake waje.